Daga Gonar Tuffa Zuwa Baitulmalin Amurka: Labarin Henry Morgenthau

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manajan gona ne, ina kula da gonar wani bawan Allah a yankin Kura, shinkafa da tumatir muke yi. Wani abokina ya ce min akwai manomin da ya tashi daga gona a Amurka ya zama ministan kuɗi, har shi ya shugabanci taron da aka kafa Bankin Duniya. Gaskiya ne? In gaskiya ne, me aikin gona ya tsinana masa a wannan kujera? Na yi tambayar ne don ni ma raina yana son komawa ɓangaren kuɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya faɗi gaskiya, sai dai ya gutsure maka labarin. Mutumin da yake nufi shi ne Henry Morgenthau ƙarami, wanda ya riƙe baitulmalin Amurka daga farkon 1934 zuwa watan Yulin 1945. Su Sakataren Baitulmali suke ce wa mai wannan kujera, daidai yake da ministan kuɗi a wajenmu. Shekara sha ɗaya da rabi ya yi a kanta, kuma a tarihin ƙasar mutum ɗaya ne kaɗai ya fi shi daɗewa. Ba ɗan banki ba ne, bai karanci tattalin arziki ba, hasali ma ba shi da digirin komai.

Amma kafin ka ɗauke shi madubi, ka san cewa shi ba manajan da aka ɗauka aiki ba ne kamarka. Gonar tasa ce, da kuɗin gidansu aka saya, shi ne maigona shi ne manaja. An haife shi a birnin New York ranar 11 ga Mayun 1891, a gidan Yahudawa 'yan asalin Jamus. Mahaifinsa, wanda shi ma Henry ne sunansa, ya yi arziki a harkar filaye da gidaje, ya kuma yi jakadan Amurka a Daular Usmaniyya ta Turkiyya daga 1913 zuwa 1916. Ɗan ya shiga jami'ar Cornell karatun zanen gine-gine, karatun bai karɓe shi ba. Zazzaɓin taifot ya kwantar da shi, aka tura shi wata gonar kiwo a Texas don ya murmure, daga can ya dawo da son noma. Ya koma Cornell ya ɗan taɓa karatun aikin gona, shi ma bai kammala ba. A 1913 ya sayi gona mai faɗin ɗaruruwan eka a East Fishkill, cikin gundumar Dutchess ta jihar New York, ya kama noman tuffa da kiwon shanun madara. Gonar tana nan har yau a hannun zuri'arsa.

A 1922 ya sayi wata tsohuwar mujallar manoma mai suna American Agriculturist. A ganina wannan mujalla ta fi gonar kanta yi masa amfani. Mai gona ɗaya matsalar gonarsa kawai ya sani. Mai mujalla kuwa koke-koken dubban manoma ke zuwa teburinsa: harajin ƙasa, lalacewar hanyoyin karkara, farashin madara, da bashi. Ta nan kuma ya saba da malaman sashen sarrafa gona na Cornell, musamman George Warren da ɗalibinsa William Myers. Ka riƙe sunayen nan biyu, za su dawo.

Sai maƙwabci. A wannan gundumar ta Dutchess, a garin Hyde Park, akwai gidan Franklin Roosevelt. Suka yi abota, matansu ma suka ƙulla tasu. Da shan-inna ta kama Roosevelt a 1921, mutane da yawa suka ɗauka siyasarsa ta ƙare, Morgenthau bai janye jiki ba. Da Roosevelt ya ci gwamnan New York a zaɓen 1928, ya naɗa shi shugaban kwamitin ba shi shawara kan noma, daga baya kwamishinan kula da dazuzzuka da albarkatun ƙasa. Saboda haka in za a faɗi gaskiya, ba gona ce ta kai shi Washington ba, amincin da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa ne. Gona ta ba shi abin da zai faɗa ne bayan an buɗe masa ƙofa.

Ƙofar da aka buɗe masa ma ba wadda ya so ba ce. Roosevelt ya hau mulkin ƙasa ranar 4 ga Maris 1933, Morgenthau yana sa ran ministan noma, sai kujerar ta tafi ga Henry Wallace na jihar Iowa, cibiyar noman masara. Shi kuma aka ba shi aikin tattara hukumomin ba manoma bashi da ke warwatse a ma'aikatu daban-daban, ya dunƙule su wuri guda. Sabuwar hukumar ita ce Farm Credit Administration, ta fara aiki a watan Mayun 1933. A nan ne amsar tambayarka take, don haka bari in tsaya a kai sosai.

Manomin Amurka na wancan lokacin yana cikin wani irin tarko. Ya ci bashi ya sayi ƙasa da injina a shekarun da amfanin gona ke da daraja, ya jinginar da gonar. Sai farashi ya rushe. Ma'aunin da suke sayar da alkama da shi, mai nauyin kilo 27, ya faɗo daga kusan dala ɗaya a 1929 zuwa ƙasa da santi 40 a 1932. Labar auduga ta sauko daga wajen santi 17 zuwa wajen 6. A wasu wuraren masara ta yi arhar da har mutane suka riƙa ƙona ta a murhu maimakon gawayi. Bashi kuwa da dala aka rubuta shi, bai san farashi ya faɗi ba. Ka ɗauka mutum zai biya dala 500 a shekara. A 1929 ma'auni 500 na alkama sun kusa biya masa. A 1932 sai ya kai kasuwa fiye da 1,300, daga gona ɗaya, da ruwan sama ɗaya. Bai yi lalaci ba, bai yi almubazzaranci ba, amma bashinsa ya ninka fiye da sau biyu yana zaune.

Bankuna da kamfanonin inshora suka shiga ƙwace gonaki suna gwanjonsu. Manoma kuma suka fito da tasu dabarar. Ranar gwanjo sai maƙwabta su cika wurin, wani ya taya saniya santi biyar, wani ya taya injin 'yan santi, baƙon da ya yi yunƙurin ƙara kuɗi a yi masa kallon da zai sa ya haɗiye maganarsa. In an gama su mayar wa mai gona kayansa. A watan Afrilun 1933, a garin Le Mars na Iowa, manoma sun fizgo wani alƙali daga kotu suka sa masa igiya a wuya, don ya ƙi yi musu alkawarin daina sa hannu a takardun ƙwace gonaki. Bai mutu ba, amma ka ga inda abin ya kai.

Abin da hukumar Morgenthau ta yi shi ne sayen bashin daga hannun masu bi, ta sake rubuta shi da sharuɗɗan da manomi zai iya ɗauka. Akwai bankunan ba da bashin jinginar gona guda 12 da aka kafa tun dokar 1916, aka zuba musu kuɗi. Aka rage ruwan bashinsu zuwa kashi 4.5 cikin ɗari, aka ɗage biyan uwar kuɗi na shekara biyar ga wanda ke biyan ruwan. Aka ƙara wani bashi na musamman da zai kai abin da ake ba manomi har kashi 75 cikin ɗari na darajar gonarsa. Aka kafa kwamitoci a gundumomi da ke zaunar da mai bi da wanda ake bi, a lallashi mai bi ya yafe wani kaso ya karɓi sauran a hannu. A wani jawabi ta rediyo a watan Oktoban 1933, Roosevelt ya ce duk iyalin da ake shirin raba su da gidansu ko kayansu su buga wa Washington tangaraho nan take. Cikin kamar shekara ɗaya da rabi an sake tsara kusan kashi ɗaya cikin biyar na dukkan bashin jinginar gonaki a ƙasar.

Amma duk wannan da bai yi aiki ba in ba don wata 'yar ƙa'ida da ba kasafai ake ambatonta ba. Da wane farashi za a kimanta gonar? In aka bi farashin 1933, gonaki da yawa ba su kai bashin da ke kansu ba, ke nan babu wanda ya cancanci a ba shi komai. Sai aka umarci masu kimantawa su yi aiki da darajar gona a shekara ta daidai, suka ɗauki farashin amfanin gona na 1909 zuwa 1914 a matsayin ma'auni. Kai ka fi ni sanin wannan. Ranar da tumatir ya cika Kwanar Gafan har ana barin kwanduna a bakin titi, babu mai hankalin da zai ce darajar gonarku ke nan. Ɗan banki da bai taɓa ganin kaka ba farashin ranar zai rubuta, ya rufe fayil. Wanda ya yi noma ya san shekara takan ɓaci ta kuma gyaru, ƙasa tana nan.

Abu na biyu da ya nuna hannun manoma a tsarin shi ne bashin damina. Dokar Yunin 1933 ta kafa ƙungiyoyin ba da bashi na gajeren lokaci, a karɓa lokacin shuka a biya bayan girbi, kuma duk wanda ya karɓa sai ya sayi hannun jari a ƙungiyar daidai da kashi 5 cikin ɗari na bashinsa. A hankali manoma suka mallaki tsarin, zuwa 1968 an mayar wa gwamnati duk jarin da ta zuba. Na yi shekaru ina duba takardun neman bashin noma, kuma na sha ganin an rubuta wa mai noman masarar damina jadawalin biya wata-wata, farawa daga watan da ya karɓi kuɗin, kamar ma'aikacin da ke jiran albashi. A watan Agusta me zai sayar? Ƙarshenta ya sayar da takin da aka ba shi don ya biya kason farko, a kaka kuma a ce manoma ba sa biyan bashi.

Adalci dai shi ne a ce Morgenthau wata shida kacal ya yi a wannan hukuma. Mataimakinsa William Myers, wancan malamin na Cornell, shi ya tsara mafi yawan ƙa'idojin, shi kuma ya gaje shi ya ja hukumar har 1938. Gwanintar Morgenthau ita ce ya san wanda ya sani, ya ɗauko shi, ya tsare masa baya a wajen shugaban ƙasa.

Yadda ya tsallaka baitulmali kuwa labari ne mai ban dariya da ban tsoro. George Warren ya yi imani cewa farashin amfanin gona yana bin farashin zinare, in gwamnati ta ɗaga kuɗin da take sayen zinare, dala za ta rage daraja, alkama da auduga su tashi. Morgenthau na cikin waɗanda suka shigar da shi wajen Roosevelt. Daga ƙarshen Oktoban 1933, kowace safiya Morgenthau da Jesse Jones, shugaban hukumar da ke sayen zinaren, sukan shiga ɗakin kwanan shugaban ƙasa, yana kan gado yana karin kumallo, su yanke farashin zinare na ranar. Da gangan suke sa ƙarin ya zama ba a iya hasashensa, don kada 'yan kasuwa su riga su. Wata safiya Roosevelt ya ce a ƙara santi 21, da aka tambaye shi dalili ya ce lamba ce mai sa'a, bakwai sau uku. Morgenthau da kansa ya rubuta a kundinsa cewa da mutane sun san yadda ake yanke farashin nan da sun tsorata.

Mataimakin sakataren baitulmali na lokacin, Dean Acheson, lauya ne, ya ce abin ya saɓa doka. Aka sallame shi a watan Nuwamba. Sakataren kansa, William Woodin, ba shi da lafiya. Sai Roosevelt ya ɗauko mutumin da ya tabbata ba zai yi masa gardama a kan zinare ba, ya ba shi riƙo, ranar 1 ga Janairun 1934 ya zama cikakken sakatare. A ƙarshen watan aka yi dokar da ta ba da damar tsayar da zinare a dala 35 kowace oza, daga tsohon farashi na dala 20.67, aka kuma ware dala biliyan 2 daga ribar da gwamnati ta samu don asusun daidaita canjin kuɗi. Hasashen Warren bai fito yadda ya zana ba, domin a watannin da ake ta ƙara wa zinare kuɗi amfanin gona bai bi shi tsaf ba. Amma masana tarihin tattalin arziki da yawa sun yarda cewa kwance dala daga tsohon farashin zinare yana cikin manyan abubuwan da suka tsayar da rushewar farashi. Lissafin malamin gonar ya karkace, inda ya dosa kuwa daidai ne.

A ofis Morgenthau manaja ne na gaske. Ya tara ƙwararru, yana sa a rubuta duk abin da aka faɗa a taro, har maganganunsa na waya. Kundin da ya bari ya haura littafi 800, suna ajiye a ɗakin karatu na Roosevelt da ke Hyde Park. Duk ranar Litinin kuma yakan ci abincin rana da shugaban ƙasa, abin da ya sa sauran ministoci ke shakkarsa ko da ba sa ganin girman iliminsa.

Sai inda tunanin maigona ya cuce shi. Morgenthau ya tsani giɓi a kasafin kuɗi. A wajensa gwamnati kamar gona ce, in abin da ke fita ya fi abin da ke shigowa to ana hanyar tsiya. Da tattalin arziki ya fara farfaɗowa, ya matsa wa Roosevelt a rage kashe kuɗi a daidaita kasafi. A 1937 aka yi hakan, a daidai lokacin da aka fara cire sabon harajin fansho daga albashin ma'aikata, babban bankin ƙasar ya ninka kuɗin da ya wajaba bankuna su ajiye, ita ma baitulmalin ta hana zinaren da ke shigowa ƙara yawan kuɗi a hannun jama'a. Cikin shekara guda abin da masana'antu ke samarwa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, miliyoyi suka sake rasa aiki. A watan Nuwamban 1937 ya tsaya gaban manyan 'yan kasuwa a New York yana alkawarin daidaita kasafi, aka ji dariya daga cikin masu sauraro. Shugaban babban banki, Marriner Eccles, ya daɗe yana cewa akasin haka ya kamata a yi. A Afrilun 1938 Roosevelt ya bi shawarar su Eccles ya nemi majalisa ta amince da kashe wajen dala biliyan 3. Morgenthau ya yi barazanar ajiye aiki, bai ajiye ba.

Dalilin kuskuren a fili yake. In ka rage 'yan ƙwadago a gonarku, masu sayen shinkafarku ba su ragu ba, domin ba su ne kasuwarku ba. Gwamnati kuwa in ta tsuke hannu a lokacin da kowa ya tsuke nasa, albashin da ta hana shi ne cinikin mai shago, cinikin mai shago shi ne harajin da za ta karɓa baɗi. Wannan darasi kuwa gona ba ta koyar da shi.

Yaƙin Duniya na Biyu ya dawo masa da martaba. Ana buƙatar kuɗin da ba a taɓa tara irinsu ba, wasu suna ba da shawarar a tilasta wa ma'aikata ajiya, shi ya dage a bar mutane su sayi takardun lamuni da son ransu. Aka yi takarda ta talaka, ka biya dala 18.75 ka karɓi 25 bayan shekara goma, yara 'yan makaranta kuma suna sayen kan sarki na santi 10 suna liƙawa a littafi har ya cika. Shi ya sayar wa Roosevelt ta farko ranar 1 ga Mayun 1941. Kafin a gama, mutum wajen miliyan 85 sun saya. A Janairun 1944 kuma, bayan ma'aikatansa sun bankaɗo yadda ma'aikatar harkokin waje ke jan ƙafa wajen ceton Yahudawan Turai, ya kai wa shugaban ƙasa rahoto, aka kafa hukumar ceton 'yan gudun hijirar yaƙi.

Taron da abokinka ya ambata an yi shi daga 1 zuwa 22 ga Yulin 1944 a wani otal da ke Bretton Woods, jihar New Hampshire, ƙasashe 44 suka halarta. Morgenthau ne shugaban taro, amma ainihin ƙirar ta mutum biyu ce: ma'aikacinsa Harry Dexter White, da John Maynard Keynes na Birtaniya. Daga nan asusun ba da lamuni na duniya, wato IMF, da Bankin Duniya suka fito. A jawabinsa na rufe taro ya ce burinsu shi ne a kori masu ba da bashi da ruwa mai tsanani daga harkar kuɗi ta duniya. Ba wai ya haramta ruwa ba ne yadda mu muka fahimci riba, a'a, so yake gwamnatoci su karɓe ragamar daga hannun manyan bankunan New York da Landan. In ka saurara da kyau, muryar mutumin da ya ga ana gwanjon gonaki ce.

Daga Afirka ƙasashe huɗu ne kawai a wurin: Masar, Habasha, Laberiya da Afirka ta Kudu. Najeriya tana ƙarƙashin Turawa, sai 1961 ta shiga. Amma abin da aka ƙulla a can ya iso har ƙofar gonarku. Bashin Bankin Duniya na 1958 ya taimaka wajen shimfiɗa layin dogo da ya bi ta Bauchi da Gombe ya kai Maiduguri. Ayyukan bunƙasa noma na Funtua, Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970 da kuɗinsa aka fara su, KNARDA, hukumar bunƙasa noma ta Kano, ma daga wannan tsatson ta fito. Haka nan shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986, wanda a cikinsa aka karya darajar naira aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Ko Morgenthau zai gane abin da ya kafa in ya ga yadda ƙasashe matalauta suka riƙa kuka da sharuɗɗan waɗannan cibiyoyi, wannan muhawara ce ta wata rana.

Wata biyu bayan taron ya yi abin da har yau aka fi tuna shi da shi, kuma ba da alheri ba. Ya kawo shawarar cewa bayan yaƙi a rushe manyan masana'antun Jamus na yankunan Ruhr da Saar, a mayar da ƙasar ta noma da kiwo. A taron Quebec na Satumban 1944 Roosevelt da firaministan Birtaniya Churchill sun sa hannu a kan takardar. Fushin abin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa yana ciki, ba shakka. Amma akwai kuma tsohon imaninsa cewa zaman gona yana gyara mutum, manomi ba ya tayar da yaƙi. Ministan yaƙi Henry Stimson da na harkokin waje Cordell Hull suka yi tsaye a kan ba za a yi ba. Labari ya fita a jaridu, Goebbels, ministan farfagandar 'yan Nazi, ya samu abin da zai tsoratar da Jamusawa da shi don su ci gaba da faɗa, Roosevelt ya janye jiki. Abin mamaki, lissafin da ya kasa yi na manajan gona ne: eka nawa, baki nawa. Jamus da kayan masana'anta take sayen abincin da ƙasarta ba ta iya ba ta. Tsohon shugaban ƙasa Herbert Hoover, da aka tura shi ya duba a 1947, ya ce ba za a iya mayar da ita ƙasar makiyaya ba sai an hallaka ko an kwashe mutum miliyan 25. Wanda ya yi noma da aljihun mahaifinsa a bayansa yana iya ganin gona da kyau fiye da yadda take.

Roosevelt ya rasu a Afrilun 1945, kuma da rasuwarsa ƙarfin Morgenthau ya tafi. Sabon shugaba Harry Truman ya ƙi tafiya da shi taron Potsdam, inda shugabannin da suka ci yaƙi suka zauna kan makomar Jamus, a watan Yuli ya ajiye aiki. Sauran rayuwarsa ya yi ta ne a tara kuɗi don ƙungiyoyin Yahudawa da sabuwar ƙasar Isra'ila. Ya rasu ranar 6 ga Fabrairun 1967 a Poughkeepsie, cikin gundumar da gonarsa take.

Game da kai kuma, ɗan'uwa, ni da Myers zan nuna maka ba Morgenthau ba. Ba ka da uba jakada, ba ka da maƙwabcin da zai zama shugaban ƙasa. Myers ɗan gona ne da ya bi ta hanyar lissafi, a sashen da Warren ke tura ɗalibai gida-gida suna rubuta abin da kowace gona ta kashe da abin da ta samu. Ko Morgenthau ɗin ma ai ba tsalle ya yi daga gona zuwa baitulmali ba, ta ƙofar bashin manoma ya shiga, inda abin da ya sani yake da tsada. Irin wannan ƙofar tana nan a wajenmu: sashen noma na bankunan kasuwanci, Bankin Manoma mai hedikwata a Kaduna, NIRSAL mai tsaya wa masu neman bashin noma, ƙungiyoyin gama-kai, da kamfanonin sarrafa shinkafa da ke ba manoma iri da taki bashi su karɓi shanshera a kaka. Duk suna fama da ƙarancin mutumin da zai kalli gona ya san ko abin da aka rubuta a takarda zai yiwu.

Sai dai a yau ba wanda zai ba ka kujerar babban jami'in kuɗi ba tare da takarda ba. Ka fara jarrabawar akanta, ta ICAN ko ta ANAN, kana kan aikinka, kada ka ajiye shi tukuna. Kuma tun yanzu ka mayar da littafin gonar da kake riƙewa ya zama abin da za ka iya ajiyewa a gaban kowa, da izinin maigidanka. Ba jimillar ƙarshen shekara kawai ba. Wata-wata: yaushe kuɗin iri da taki da hayar tarakta suka fita, nawa aka biya 'yan dashe da masu yanka, nawa man injin ban-ruwa ya ci, yaushe kuɗin farko ya shigo, wata nawa gonar ta yi tana cin aljihu kafin nan. Ka haɗa na shekara uku ko huɗu, kuma ka tabbata akwai mummunar shekara a ciki. In kana wurin a 2016 lokacin da ƙwaron sharon ya cinye tumatir, wanda zai yi maka tambayoyi a banki zai so ya ji wane bashi kuka fara biya a shekarar, wanne kuka roƙi a ɗaga muku, kuma da kuɗin me kuka shiga noman shinkafar da ta biyo baya.